Yadda Ake Kwatanta Tarin Gaɓoɓi a XSLT Ba Tare da Alamar `=` Ta Yaudare Ka Ba

Kayan da ake kai wa Garwa, Marwa, Kuseri har a tsallaka Njamena, da yawansu jirgin ƙasa ne ke kawo su Ngaundere, inda dogo ya ƙare, daga nan sai manyan motoci su ɗauka. Wani mai sito a nan Garwa ya taɓa sa ni in haɗa masa rahoton da zai riƙa nuna ko abin da mota ta sauke ya yi daidai da odar da ya bayar. Manhajar da suke aiki da ita XML take fitarwa, wato tsarin ajiye bayanai a fayil ɗin rubutu, ni kuma na rubuta XSLT, harshen da ake juya XML da shi ya zama rahoto, na sa alamar `=` tsakanin jerin oda da jerin lodi, na gwada da mota biyu, na ga daidai, na kama gabana. Kwana uku sai ga wayarsa: "Malam, kwamfutar nan taka ta ce lodi ya cika, ga shi kuwa siminti ko buhu ɗaya ba a sauke ba." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ina zuwa." Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Tambayar da na yi mata daban, wadda nake nufi daban.

A XPath, harshen da XSLT ke zaɓo abubuwa da shi, in ka sa `=` tsakanin tari biyu, ba ka tambayi ko su ɗaya ne ba. Ka tambayi ko za a sami ko da abu guda a wannan tarin da ya dace da ko da abu guda a wancan. Haka aka rubuta dokar tun fitowar XPath 1.0 da XSLT 1.0 daga W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ranar 16 ga Nuwamba 1999, kuma har gobe ba ta sake ba.

Kalma biyu kafin mu fara. Kowane yanki na fayil ɗin XML, ko eleman ne kamar `<kaya>`, ko sifa kamar `lamba="2"`, ko rubutun da ke ciki, zan kira shi gaɓa, kamar gaɓar rake; a littattafan Faransanci za ka ga nœud, a na Turanci node. Abin da XPath ya zaɓo maka kuwa tari ne: yana iya zama gaɓa ɗari, ko ɗaya, ko babu ko ɗaya.

Kayan aiki

Kwamfuta kowace iri, ko tsohuwa ce. Wurin rubutu mai adana fayil a UTF-8, saboda ƙ da ɗ da ɓ. Notepad++ ya isa. Sai `xsltproc`, injin da ke kunna XSLT, wanda ke cikin libxslt na Daniel Veillard, kuma XSLT 1.0 kaɗai ya sani. A Ubuntu ko Debian:

```
sudo apt install xsltproc libxml2-utils
```

Na biyun shi ke kawo `xmllint`, mai amfani wajen gwajin gaggawa. In Windows gare ka, ko dai ka bi ta WSL, wato Linux a cikin Windows, ko ka saka lxml a Python, domin libxslt ɗin nan dai shi ne a ƙarƙashinsa, amsa ɗaya za su ba ka. Don mataki na ƙarshe kana bukatar Java da Saxon-HE, wani injin XSLT na kyauta, wanda Michael Kay ya ƙirƙiro. Da zarar ka sauke su, babu sauran bukatar intanet, ko da data ta ƙare aiki ba zai tsaya ba.

Mataki na 1: Haɗa ƙaramin fayil ɗin gwaji

Kada ka fara da fayil ɗin aiki mai layi dubu goma. Rubuta wannan, ka sa masa suna `kaya.xml`:

```
<?xml version="1.0" encoding="UTF-8"?>
<tasha>
  <oda>
    <kaya>shinkafa</kaya>
    <kaya>sukari</kaya>
    <kaya>siminti</kaya>
  </oda>
  <mota lamba="1"><kaya>shinkafa</kaya><kaya>gishiri</kaya></mota>
  <mota lamba="2"><kaya>siminti</kaya><kaya>sukari</kaya><kaya>shinkafa</kaya></mota>
  <mota lamba="3"><kaya>albasa</kaya></mota>
  <mota lamba="4"/>
  <mota lamba="5"><kaya>sukari</kaya></mota>
</tasha>
```

Da gangan na zaɓi motocin nan. Ta 1 ta kawo wani abu na oda ta haɗa da wanda ba a nema ba. Ta 2 ta kawo komai, amma ba a jere yadda aka rubuta ba. Ta 3 ta yi ɓatan kai gaba ɗaya. Ta 4 fanko ce. Ta 5 abin da ta kawo na oda ne, sai dai bai cika ba. Laifina a wancan karon shi ne da irin ta 2 da ta 3 kawai na gwada.

Sai na biyu, `gwaji.xsl`:

```
<xsl:stylesheet version="1.0"
    xmlns:xsl="http://www.w3.org/1999/XSL/Transform">
  <xsl:output method="text"/>
  <xsl:variable name="oda" select="/tasha/oda/kaya"/>
  <xsl:template match="/">
    <xsl:for-each select="tasha/mota">
      <xsl:variable name="lodi" select="kaya"/>
      <xsl:value-of select="@lamba"/>
      <xsl:text>: </xsl:text>
      <xsl:value-of select="$lodi = $oda"/>
      <xsl:text>&#10;</xsl:text>
    </xsl:for-each>
  </xsl:template>
</xsl:stylesheet>
```

Layin nan mai `$lodi = $oda` shi kaɗai za mu riƙa sauyawa. Ana kunna shi haka: `xsltproc gwaji.xsl kaya.xml`.

Mataki na 2: Kalli abin da `=` ke yi

Zai ba ka `true` a mota 1, 2 da 5, `false` a 3 da 4. Mota 1 ta tsira ne albarkacin shinkafa kaɗai. Gishirin da ba a nema ba da simintin da bai zo ba, ko kallonsu ba a yi. Injin yana ɗaukar kowace gaɓa ta hagu yana gwada rubutunta da na kowace gaɓa ta dama, da ya sami biyu da suka dace magana ta ƙare.

Ba wauta ba ce aka tsara shi haka. Galibin tambayoyin yau da kullum irin wannan ne: wace mota ce ta ɗauko sukari? `//mota[kaya = 'sukari']`, shi ke nan, ba sai ka zagaya kaya ɗaya bayan ɗaya ba. In abin da kake so ka sani "akwai?" ne, to `=` naka ne. Sai dai kada ka ɗauki lissafin makaranta ka shigo da shi nan, inda in A daidai yake da B, B kuma daidai da C, to A daidai da C. Mota 1 ta "yi daidai" da oda ta hanyar shinkafa, oda ta "yi daidai" da mota 5 ta hanyar sukari, amma tsakanin mota 1 da mota 5 babu abin da ya haɗa su.

Mataki na 3: Raba `!=` da `not()`

Nan ne akasarin masu koyo ke faɗawa rami. Sauya layin zuwa `$lodi != $oda`. Hankali zai ce maka kishiyar amsar ɗazu za ka gani. Ina! Mota 1, 2, 3 da 5 duk `true`, ta 4 kaɗai `false`. Har mota 2, wadda ta kawo komai cif, an ce ta bambanta da oda.

Dalili shi ne `!=` ma "akwai?" yake tambaya: akwai wata gaɓa a hagu da wata a dama da rubutunsu ya sha bamban? Siminti na mota 2 ba shinkafa ta oda ba ce, to an samu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Muddin oda tana da kaya iri biyu, kowace mota mai kaya za ta ba ka `true`, amsar ba ta gaya maka komai ba.

In kana nufin "babu ko ɗaya da ya dace", rubuta `not($lodi = $oda)`. Wannan zai ba ka mota 3 da 4. Ni dai na ɗora wa kaina doka: in dai ɗaya daga cikin ɓangarorin tari ne, ba na rubuta `!=` sai na tsaya na karanta shi da baki, da kalmar "akwai" a farkonsa.

Yana da ranarsa kuwa. `$lodi != $lodi` zai gaya maka ko mota ta haɗa kaya fiye da iri ɗaya: `true` a 1 da 2. Shi kuma `not($lodi != 'sukari')` na nufin duk abin da ke motar sukari ne. Gwada shi: mota 5 za ta fito, amma ta 4 ma za ta biyo ta, abin da ya kai mu mataki na gaba.

Mataki na 4: Tari fanko

Tarin da babu komai cikinsa ba ya daidai da kowa, kuma ba ya bambanta da kowa. `=` ƙarya, `!=` ƙarya, har `$lodi = $lodi` ƙarya ne a mota 4, tunda babu gaɓar da za a ɗauka a gwada. Da ka lulluɓe shi da `not()` kuwa sai komai ya koma gaskiya. Saboda haka duk tambayar da ta fara da `not(` ka tsaya ka yanke shawara: motar fanko ta shiga ko kada ta shiga? In kada ta shiga ne, sa tarin kansa a gaba: `$lodi and not($lodi != 'sukari')`. Yanzu mota 5 ce kaɗai.

Abin tsoron shi ne tari yana zama fanko ba da saninka ba, kuma injin ba zai ce uffan ba. Ka rubuta `Kaya` a maimakon `kaya`, fanko. Ka manta `@` a gaban sifa, fanko. Wanda ya fi cin mutane shi ne in tushen fayil yana ɗauke da `xmlns="..."`, kamar yadda fayilolin da manyan manhajoji ke fitarwa suka saba: a XPath 1.0 sunan da ba shi da laƙabi ba zai taɓa kama waɗannan eleman ba. Maganinsa, ka kwafi adireshin nan zuwa kan `xsl:stylesheet` da laƙabinka, misali `xmlns:t="..."`, ka riƙa rubuta `t:mota/t:kaya`.

Don haka kafin kowane kwatanci, ƙirga:

```
xmllint --xpath "count(/tasha/oda/kaya)" kaya.xml
```

In ka ga 0 inda kake tsammanin 3, kada ka taɓa alamar `=`, matsalar ba a wurinta take ba.

Mataki na 5: Tambayar "duka"

Wannan ita ce tambayar Alhaji. XPath 1.0 ba shi da kalmar "duka", sai a bi ta bayan gida: a nemi wanda bai dace ba, in ba a samu ba to duka sun dace. Baka mai kusurwa `[ ]` rariya ce, ɗigo `.` kuma ita ce gaɓar da ake tankaɗewa a lokacin.

`$lodi[not(. = $oda)]` shi ne kayan da aka sauke ba a yi odarsu ba: gishiri a mota 1, albasa a ta 3. `$oda[not(. = $lodi)]` shi ne abin da aka yi oda bai zo ba. Lura da cewa a hagun `=` yanzu gaɓa ɗaya ce tak, shi ya sa "akwai?" ya zama daidai abin da muke so.

Gwada `not($lodi[not(. = $oda)])`: mota 2, 4 da 5, wato waɗanda ba su kawo baƙon kaya ba. Gwada `not($oda[not(. = $lodi)])`: mota 2 kaɗai. Haɗa su:

```
not($lodi[not(. = $oda)]) and not($oda[not(. = $lodi)])
```

A rahoto na gaske ma na fi son in buga jerin biyun nan da kansu maimakon `true` ko `false`. Mai sito ba "ƙarya" yake son gani ba, so yake ya ga "siminti bai zo ba".

Kuskuren da ake yawan yi a nan: mutum bai ajiye `$lodi` ba, sai ya rubuta `$oda[not(. = kaya)]`. A cikin rariya, `kaya` ana neman sa ne a ƙarƙashin gaɓar da ake tankaɗewa, ba a ƙarƙashin mota ba, sai ya zama fanko. Ko dai ka ajiye tarin a `xsl:variable` yadda muka yi, ko ka rubuta `current()/kaya`. Shi `current()`, wato gaɓar da `for-each` ke kai a lokacin, na XSLT ne, `xmllint` bai san shi ba.

Saura maimaici. In oda ta ce shinkafa sau biyu, mota ta kawo sau ɗaya, gwajin sama zai ce sun yi daidai. Ƙara `count($lodi) = count($oda)` yana rage ɓarna amma bai toshe ta ba: shinkafa, shinkafa, sukari da shinkafa, sukari, sukari duk uku-uku ne. Sai an ƙirga kowane iri:

```
<xsl:for-each select="$oda | $lodi">
  <xsl:if test="count($oda[. = current()]) != count($lodi[. = current()])">
    <xsl:value-of select="."/> bai daidaita ba
  </xsl:if>
</xsl:for-each>
```

Nan `!=` lafiya lau ne, tunda adadi biyu ake gwadawa, ba tari ba.

Mataki na 6: Wanke rubutu kafin a gwada

Tari da tari, rubutu ake gwadawa, harafi da harafi. `<kaya>sukari </kaya>` mai ɗan fili a ƙarshe ba `sukari` ba ne. `Sukari` ma ba shi ba ne. `xsl:strip-space` ba zai cece ka ba, domin gaɓoɓin da fili ne zalla yake sharewa, ba ya aske gefen rubutu.

`normalize-space()` shi ke askewa, amma ga tarko: a 1.0, in ka miƙa wa irin waɗannan ayyukan tari, gaɓar farko kaɗai suke ɗauka, sauran su watsar, shiru. `normalize-space($lodi) = $oda` kayan farko na motar kawai ya duba. Haka `string()`, `contains()`, `translate()` da `number()`. Kullum ka shigar da su cikin rariya, su yi aiki a kan ɗigo: `$lodi[normalize-space(.) = $oda]`. In ɓangaren oda ma da datti, dabarar tana mataki na 9.

Mu a nan muna da namu ƙarin ciwon kai, tunda takarda ɗaya takan haɗa Faransanci da Hausa da Fulatanci. Wani ya buga ƙ, wani k. Wani ya rubuta N'Djamena da miƙaƙƙiyar alama, wani manhajar rubutu ta lanƙwasa masa ita. Ido ba ya rabewa, inji yana rabewa. `translate()` yana maganin waɗannan, harafi ɗaya a madadin ɗaya, kuma da shi ake mai da manyan baƙaƙe ƙanana a 1.0, in za ka jera su kada ka manta da Ɓ, Ɗ, Ƙ. Akwai kuma é na Ngaoundéré, wanda Unicode ya yarda a rubuta shi a dunƙule ko a matsayin e da alamarta daban. Wannan sai `normalize-unicode()` na 2.0.

Kada kuma ka gwada mota sukutum da wata mota, irin `mota[1] = mota[2]`. Rubutun eleman shi ne duk rubutun da ke ƙarƙashinsa a manne, har da filaye da sababbin layuka, ban da sifofi. Motoci biyu masu lamba daban za su iya fitowa daidai, biyu masu kaya iri ɗaya su fito daban don kawai an tsara layukansu daban.

Mataki na 7: Kuɗi, adadi, da gaskiya ko ƙarya

Abin da ke ɗaya ɓangaren shi ke yanke yadda za a gwada. A ce kowane kaya yana da sifar `kudi`. `kaya/@kudi = 1500` zai mai da kowace gaɓa adadi, don haka `1500`, `1500.0` da `01500` duk za su shiga. `kaya/@kudi = '1500'` kuwa rubutu ne, na farkon kaɗai zai shiga. Tari da tari ma rubutu ne, shi ya sa mota `07` a wannan jeri ba ta gane mota `7` a wancan. Dabara: mai da gefe ɗaya adadi a cikin rariya, `//mota[number(@lamba) = $jeri]`, sai dukan `$jeri` ya bi shi a gwada da adadi.

Kuɗin sefa yadda ake buga shi a ofisoshinmu, `1 500` da fili a tsakiya, ko `12,5` da waƙafi, XPath ba ya ganin sa adadi. Sai ya zama `NaN`, wato "ba adadi ba", wanda ba ya daidai da komai, har da kansa. Wanke shi haka: `translate(@kudi, ', &#160;&#8239;', '.')`. Waƙafi ya koma ɗigo, filaye iri uku sun ɓace. Biyun ƙarshen su ne filayen da ba sa karyewa, waɗanda manhajojin da aka saita da Faransanci kan saka tsakanin dubbai. Shi `normalize-space()` ba ya taɓa su.

`<` da `>` su ma "akwai?" ne, kuma a 1.0 kullum adadi suke gwadawa. `kaya/@kudi > 20000` na nufin akwai mai tsada haka, ba duka ba. Kwanan wata irin `2024-03-01` zai zama `NaN`, sai ka cire layukan da `translate(@rana, '-', '')`. A cikin fayil ɗin XSLT kuma `&lt;` ake rubutawa a madadin `<`, in ba haka ba fayil ɗin ma ba zai buɗu ba.

Sai wanda ya fi ban haushi. `@biya = true()` a 1.0 ba ya karanta abin da ke cikin sifar. Tambayarsa ko sifar tana nan. Wanda aka rubuta wa `biya="false"` zai fito cikin waɗanda suka biya. Rubuta `@biya = 'true'`.

Mataki na 8: Shi ne, ko mai kama da shi?

Kama da wane ba ta wane. Shinkafar mota 1 da shinkafar mota 2 rubutunsu ɗaya, amma gaɓa biyu ce daban. In tambayarka ita ce ko wannan gaɓar ita ce waccan da kanta, `=` ba shi da amsa. Hanya biyu ce a 1.0.

Ta farko `generate-id($a) = generate-id($b)`. Kowace gaɓa tana da shaidarta. Ka kiyaye abu uku: gaɓar farko ta tari kaɗai yake duba, in duka biyun fanko ne zai ce daidai suke, tunda rubutu fanko biyu ne ya gwada, kuma shaidar ba lallai ta zama ita ce in ka sake kunna aikin gobe ba, kada ka adana ta a wani wuri.

Ta biyu ƙirga ce. Alamar `|` tana haɗa tari biyu ba ta maimaita gaɓa. To in ka jefa gaɓa cikin tari adadinsa bai ƙaru ba, dama tana ciki: `count(. | $b) = count($b)`. Daga nan `$a[count(. | $b) = count($b)]` ya ba ka gaɓoɓin da tarin biyu suka yi tarayya a kai, dabarar da ake dangantawa da Michael Kay. Wannan hanyar tana aiki har a `xmllint`, inda babu `generate-id()`.

Inda za ka fi cin karo da maganar nan shi ne fitar da jeri ba maimaici, dabarar da ke ɗauke da sunan Steve Muench:

```
<xsl:key name="iri" match="mota/kaya" use="."/>
...
<xsl:for-each select="//mota/kaya[generate-id() = generate-id(key('iri', .)[1])]">
```

Ma'anarsa: a bar kayan da shi ne na farko a cikin masu irin sunansa. Da `. = key('iri', .)[1]` ka rubuta, da kowa ya wuce, tunda duk sunansu ɗaya.

Mataki na 9: In fayil ya yi girma, ko ya zama biyu

`$lodi[not(. = $oda)]` a jeri mai 5,000 da wani mai 5,000 zai iya kai gwaji miliyan 25. A tsohuwar kwamfuta, cikin zafin Afrilu na Garwa, za ka ji fanka tana kuka. `xsl:key` yana gina fihirisa sau ɗaya, nema ya zama nan take, kuma yana wanke ɓangaren oda a lokaci guda:

```
<xsl:key name="na-oda" match="oda/kaya" use="normalize-space(.)"/>
...
$lodi[not(key('na-oda', normalize-space(.)))]
```

In oda tana fayil dabam, `document('oda.xml')/tasha/oda/kaya` zai kawo ta, kuma `=` yana aiki tsakanin fayiloli biyu ba matsala. `key()` ne ke da sharaɗi: a 1.0, cikin fayil ɗin da kake tsaye kaɗai yake nema. Sai ka ajiye sunan kayan a `xsl:variable`, ka shiga `<xsl:for-each select="document('oda.xml')">`, ka kira `key()` daga can. Daga 2.0 ana miƙa masa fayil ɗin a matsayin abu na uku.

Mataki na 10: In kana da Saxon

XSLT 2.0 da XPath 2.0 sun fito ranar 23 ga Janairu 2007, XSLT 3.0 kuma 8 ga Yuni 2017. Sauya `version` zuwa `3.0`, ka kunna da `java -jar saxon-he.jar -s:kaya.xml -xsl:gwaji.xsl`, ka sa ainihin sunan fayil ɗin da ka sauke, yana ɗauke da lambar fitowarsa. Rubuta `3.0` a kai ba zai koya wa `xsltproc` sabon harshe ba, dole sai injin da ya iya.

`=` da `!=` suna nan da halinsu. Abin da aka ƙaro shi ne kowace tambaya ta sami kalmarta. "Duka" ya zama `every $k in $oda satisfies $k = $lodi`, ana karanta shi kamar magana; a kan tari fanko shi ma gaskiya yake bayarwa. "Shi ne da kansa" ya zama `$a is $b`. `eq` da `ne` abu ɗaya da abu ɗaya suke gwadawa: ka ba su tari mai gaɓa biyu su tsayar da aiki da kuskuren `XPTY0004`. Ina son wannan tsawar. Inda na san abu ɗaya ya kamata a samu, `eq` nake sawa don ya tona asirin fayil mai maimaici. Sai dai `@kudi eq 1500` ma zai tsaya, domin `eq` yana ɗaukar sifar a matsayin rubutu. Rubuta `number(@kudi) eq 1500`.

`deep-equal($lodi, $oda)` yana bin tarin biyu ɗaya bayan ɗaya, da sunaye da sifofi da abin da ke ciki, kuma jeri yana da muhimmanci a wurinsa, don haka mota 2 za ta faɗi. In jeri bai dame ka ba amma maimaici ya dame ka, tsara su tukuna da `sort()` na XPath 3.1:

```
deep-equal(sort($lodi ! string()), sort($oda ! string()))
```

Layi ɗaya ya maye duk wahalar mataki na 5. Amma kada `intersect` da `except` su ruɗe ka: da gaɓar kanta suke aiki, ba da rubutunta ba. `$lodi intersect $oda` fanko ne a duk motocin biyar.

In tsohon aiki kake ɗaukowa daga 1.0, bi duk inda aka gwada adadi. `@kudi = 1500` da ya ci karo da `1 500`, a da ƙarya yake cewa ya wuce, yanzu zai tsaya da `FORG0001`. Wannan da sauƙi, tunda ka ji shi. Wanda ba ya magana shi ne `@kudi < @iyaka`: a 1.0 adadi ne, a 2.0 kuwa in duka biyun daga fayil suka fito, rubutu ake gwadawa, sai `900` ya fi `1500` girma don 9 tana bayan 1. Sa `number()` a kowane gefe, ko `xs:decimal()` in kuɗi ne, sa'an nan ka ƙara mota ta 6 a `kaya.xml` mai kaya na 900 da na 1500, ka kunna da injin biyu ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.